A Duba Kafin a Ɗiga: Yadda Malamin Asibiti Ke Binciken Ido da Kunne

(Kiɗan buɗe shiri)

Jama'a masu saurare, na cikin birnin Yamai da na ƙetaren kogi, da na duk garuruwan da muryarmu ke kaiwa, barkanku da warhaka. Ga mu kuma cikin shirinmu na kiwon lafiya. Yau a kan ido da kunne za mu tsaya, kuma da mutum biyu nake magana lokaci guda: wanda ya kawo ciwo asibiti, da malamin asibitin da ya karɓe shi.

Duk wanda ya taɓa aiki a asibitin unguwa, wato CSI, ya san yadda layi yake idan hunturu ya kama, hazo ya rufe gari har mai tsaye a bakin gadar Kennedy ba ya hangen Harobanda. Ga masu jajayen idanu, ga yara masu mura suna jan kunne suna kuka, ga tsofaffi suna share hawaye da gefen mayafi. Kusan kowa da buƙata ɗaya ya zo: "Malam, a rubuta mini maganin ɗigawa." Shi kuma malam, jama'a sun cika ƙofa, rajista tana jiransa, abin da ya fi masa sauƙi shi ne ya rubuta takarda bai ko tashi daga kujera ba. A wannan ɗan tsakanin ake asarar ido, a nan ake asarar kunne. Jan ido iri-iri ne. Akwai wanda zai washe da kansa cikin mako guda, akwai wanda in ya kwana uku bai isa hannun likitan ido ba, ganin ya tafi ke nan. Tambayar "ina ke ciwo?" ba ta rarrabe su. Sai an duba.

Likitocin ido da na kunne ba su da yawa a ƙasar nan, kuma galibinsu a manyan asibitoci suke, irin su Babban Asibitin Ƙasa na Yamai da asibitin Amirou Boubacar Diallo na Lamorde. Mutumin Talladje ko na Bukoki ba can yake fara zuwa ba, balle na ƙauye. Hannun ma'aikacin jinya yake fara shiga. Makarantar da ke horar da da yawa daga cikinsu a nan Yamai, ENSP, sunan Damouré Zika take ɗauke da shi, mutumin da ya shafe shekaru yana jinyar marasa ƙarfi a Lamorde, yana kuma faɗakarwa kan lafiya a rediyo, har Allah ya yi masa rasuwa a 2009. Binciken da za mu yi bayani yau bai buƙatar babbar na'ura. Tocila, allon gwajin gani, hannu wankakke, murya, da ɗan haƙuri na minti goma. Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta faɗa a rahotonta na 2019 cewa aƙalla mutum biliyan 2.2 ke da matsalar gani a duniya, kuma aƙalla biliyan 1 daga ciki, da an kare ko da an magance. Yawancin wannan biliyan ɗin, a irin wannan ƙofa ta farko ya kamata a tare su.

Da tambaya ake farawa, kuma ina roƙon masu saurare, in an tambaye ku kada ku ƙosa. Yaushe abin ya fara? Farat ɗaya ganin ya ɗauke, ko a hankali yake raguwa? Ido ɗaya ne ko biyu? Ƙaiƙayi ne, ko zogi ne mai hana barci? Haske yana damunka? Wani abu ya faɗa ciki, ko an buge ka? Kana da ciwon suga ko hawan jini? A gidanku akwai wanda ya makance? Sai kuma tambayar da mutane suka fi ɓoye amsarta: me ka riga ka sa a ciki? Baba, inna, ku faɗi gaskiya. In ruwan ganye ne, in nonon mai shayarwa ne, in maganin ɗigawa ne da aka saya a hannun mai talla, ku faɗa. Ba don a yi muku faɗa ake tambaya ba. Abin da aka sa yakan sauya kamannin ciwon, kuma wani lokaci shi ne ma ciwon.

Bayan tambaya sai awon gani, kuma shi ake yi kafin a taɓa idon ko a haska shi. A asibitocinmu allon Monoyer aka fi sani, mai layi goma na haruffa daga manya zuwa ƙanana, ana tsayawa nisan mita 5. Wanda ya karanta mafi ƙanƙantar layi, a rubuta masa 10/10. Maƙwabtanmu na Najeriya da allon Snellen suke aiki, a nisan mita 6, su rubuta 6/6. Manufar ɗaya ce. Wanda bai yi boko ba kuwa, ba a bar shi a baya ba. Akwai allo mai harafi ɗaya tak mai ƙafa uku, ana jujjuya shi, mutum ya nuna da yatsunsa inda ƙafafun suka fuskanta: sama, ƙasa, dama ko hagu. Yaro ɗan shekara huɗu ma yana iyawa in an yi masa kamar wasa.

Ido ɗaya-ɗaya ake gwadawa, na dama sannan na hagu, a rufe ɗayan da tafin hannu ba tare da an danna shi ba. Ƴan uwana ma'aikata, ku lura da wannan wuri da kyau, ku sa ido kada a leƙa ta tsakanin yatsu. Mutum yakan yi shekaru ido ɗaya ya mutu bai sani ba, domin ɗayan yana ɗauke da aikin duka. Ranar da aka rufe mai lafiyar, ranar yake ganewa. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

In mutum bai ga ko mafi girman harafi ba, sai a matso, a ɗaga masa yatsu ya ƙirga. Wanda idonsa mafi kyau bai iya ƙirga yatsu a nisan mita 3, a ma'aunin OMS ya shiga sahun makafi. In yatsun ma ba ya gani, a kaɗa hannu a gabansa. In wannan ma babu, a haska tocila a tambaye shi ko yana ganin haske, kuma daga wane ɓangare. Duk abin da aka samu a rubuta shi da lamba, da kwanan wata. "Yana gani kaɗan-kaɗan" ba awo ba ne, kuma ba zai amfani wanda zai karɓi majinyacin bayan wata uku ba.

Akwai wata dabara mai arha da nake so kowane CSI ya riƙe. A sami kati, a huda shi da allura, mutum ya leƙa allon ta wannan ɗan hujin. In ganinsa ya ƙaru, mafi yawan lokaci tabarau kawai yake buƙata. Yara nawa ne a makarantunmu ake kira daƙiƙai, ana zaunar da su a bayan aji, alhali allon ne ba sa hange? Haka wanda ya haura shekara 40 ya ga zura zare a allura ya gagare shi, ko sai ya miƙe hannu kafin ya karanta Alƙur'ani ko saƙon salula. Wannan girma ne, tabarau na karatu ke gyara shi, kuma sa tabarau ba ya ƙara kashe ido kamar yadda ake yaɗawa.

Sannan sai malam ya wanke hannu, ya ɗauki tocila, ya bi idon daga waje zuwa ciki. Fatar ido da gashin ido tukuna. Akwai kumburi? Akwai hazbiya? Gashin yana kallon waje, ko ya juya yana gogar ƙwayar ido? A nan zan ɗan daɗe, domin amodari ya ci idanun iyayenmu mata da yawa, musamman a jihohin Damagaram, Maraɗi da Diffa. Tun ana yara ake kamuwa da shi, ta kwantsa da majina, ta ƙuda mai sauka daga fuskar wannan zuwa ta wancan, ta tsumma ɗaya da ake share wa yara biyar fuska. Malam yakan ce wa yaro ya dubi ƙasa, ya kama gashin idon sama a hankali ya juya fatar. In ya ga ƙananan ƙuraje fari-fari guda biyar ko fiye a cikinta, amodari ne mai rai. Kamuwa bayan kamuwa ke barin tabo, tabon ya janye fatar, gashi ya koma ciki, kowace ƙiftawa ya karci baƙin ido har ya zama hakiya. Mata sun fi shan wahalarsa, saboda su ke tare da yara dare da rana. In ka ga tsohuwa da hantsaki ɗaure a gefen zane tana cire gashin ido, to ka san abin da ke damunta ko ba ta faɗa ba. Cirewa ba ta raba ta da ciwon, gashin zai sake tsirowa. Ɗan aiki ne ake yi wa fatar idon, na mintuna kaɗan, kuma a Nijar ma'aikatan jinya da aka horar ne ke yin mafi yawansa. Shirin ƙasa na lafiyar ido, PNSO, tare da abokan aiki irin su Cibiyar Carter da Helen Keller, sun daɗe a kan wannan yaƙi da abu huɗu: aikin fatar ido, rabon maganin azitromisin, wanke fuskar yara, da tsabtar muhalli da gina masai. Ciwon ya ja baya ƙwarai. Amma tsofaffin da tabonsu ya riga ya zauna suna nan, wasu a cikin gidajenmu na Yamai, kuma sai an ɗaga fatar ido ake ganinsu.

Kada kowa ya ce irin wannan yaƙi ba a cin sa. A ranar 30 ga Janairun 2025 OMS ta tabbatar cewa Nijar ta kawar da makantar kogi, ƙasa ta farko a Afirka, ta biyar a duniya. Ciwo ne da ɗan baƙin ƙuda ke yaɗawa a bakin rafukan da ke zuba cikin kogin Isa, wajen Say da Tapowa, kuma an fara feshin kashe tsutsar ƙudan tun 1976. Kusan shekara hamsin ana wannan yaƙi ba a saki ba.

Mu koma kan tocila. Malam zai ja fatar ido ta ƙasa. In cikinta ya yi fari fat, jini ya yi ƙaranci, abin da muke yawan gani ga mai ciki da yaron da zazzaɓin cizon sauro ya sha kayarwa. In farin ido ya yi rawaya, shawara ce, maganar ta koma ta hanta ko ta jini. In ya ga wani tabo fari-fari mai kumfa a gefen baƙin idon yaro, kuma uwa ta ce da magariba ta yi yaron sai ya riƙa tuntuɓe, dundumi ne na ƙarancin bitamin A. Shi ya sa ake ɗiga wa yara daga wata 6 zuwa shekara 5 ɗan kafson nan, shuɗi ga ƙanana, ja ga manya. Yaron da ke da tamowa ko baƙon dauro, dole a buɗe idonsa a duba ko yana kuka, ko ya runtse. In baƙin idon ya yi gajimare, a ba shi bitamin A nan take a tura shi babban asibiti ranar, domin idon irin wannan yaro yana iya narkewa cikin kwanaki.

Baƙin ido mai lafiya garau yake, yana sheƙi. Ɗigon fari a kansa tare da zogi da gudun haske, gyambo ne, kuma na gaggawa ne. Sai ɗan tsakiyar, inda haske ke shiga. Na dama da na hagu su zama girmansu ɗaya, zagayayyu, in an haska ɗaya duka biyun su tsuke. Wanda ya faɗi daga kabu-kabu ya bugu a kai, aka ga ɗaya ya buɗe ya ƙi tsukewa, ba maganar ido ba ce kuma, ƙwaƙwalwa ce ke cikin haɗari. Sai a ce wa mutum ya bi yatsa da ido, sama da ƙasa, dama da hagu, a ga ko idanun suna tafiya tare.

In tsakiyar idon dattijo ya yi fari, ganinsa ya daɗe yana dusashewa ba tare da zogi ba, galibi yana ce. Yana ita ce kan gaba wajen makantar da mutane, kuma ita ce ake warkarwa: a cire ta, a sa wani ɗan madubi a madadinta, washegari mutum ya ga jikokinsa. Abin da nake roƙo shi ne kada a kai wa masu huda ido su ture yanar ciki. Binciken ƙasa da aka yi a Najeriya daga 2005 zuwa 2007 ya gano cewa fiye da kashi 40 cikin 100 na idanun da aka taɓa saboda yana, turewar gargajiya aka yi musu, kuma kusan uku cikin huɗu na waɗannan idanun ba sa gani.

Hawan jinin ido kuwa, wanda likitoci ke kira gilokoma, shi ne ya fi ba ni tsoro, domin tocila ba ta nuna shi. Ido fari tas, babu ciwo, amma gani yana zaizayewa daga gefe kamar yadda kogi ke cin gaɓa, sai ya kusa isa tsakiya mai shi ya farga. Abin da ya tafi ba ya dawowa. Ya fi kama baƙar fata, da wuri kuma, kuma yana bin dangi. Malam zai iya zama daf da kai fuska da fuska, ka rufe ido ɗaya ka kafa ɗayan a kansa, ya shigo da yatsa daga gefe ka faɗi lokacin da ka fara gani. Wannan yana kama wanda ya yi nisa ne kawai. Saboda haka duk wanda ya kai 40, balle wanda aka taɓa samun makaho a gidansu, a tura shi sashen ido a auna ƙarfin ruwan idon, a leƙa jijiyar gani. Mai ciwon suga shi ma a leƙa masa bayan ido sau ɗaya a shekara, ko yana gani garau.

Abu biyu game da jarirai. Jaririn da bai kai wata ba, idonsa ya kumbura yana zubar da mugunya, ba a jiran suna, ba a matsa masa nono a ciki. Ƙwayar cutar da ya ɗauko wajen haihuwa tana iya huda idon cikin kwana ɗaya ko biyu. Don haka ungozoma ke shafa man tetrasiklin da zarar an haihu, a Maternite Issaka Gazobi ne ko a ƙaramin ɗakin haihuwa na unguwa. Na biyu, in uwa ta ce tana ganin wani fari yana walƙiya a tsakiyar idon ɗanta, ko a hoton salula ido ɗaya ya fito fari, a yarda da ita ko malam bai gani ba. Yana iya zama yanar haihuwa, yana iya zama sankaran ido, wanda ke kisa in an makara.

Maganin ɗigawa mai kortizon, irin su deksametazon, yana sa jan ido ya washe cikin kwana biyu, shi ya sa ake son sa. Amma in akwai gyambo, zurfafa shi yake yi, in kuma an daɗe ana ɗigawa yana jawo hawan jinin ido da yana. Kada a saye shi da ka, kada a ari na maƙwabci. Masu walda da maƙeran Katako, in ɓarɓashin ƙarfe ya shiga, kada a sa tsinke ko harshe a ciro, a rufe idon ba dannawa a tafi asibiti. In ruwan batir ne, ko siminti, ko ruwan jabel, a nan kam ba a jiran kowa: a buɗe idon a yi ta kwarara ruwa mai tsabta aƙalla minti 20, sannan a kama hanya.

(Gajeren kiɗa)

Masu saurare, barkanmu da dawowa. Yanzu sai kunne, wanda aka fi mantawa da shi, domin kurumta ba ta fitowa a fuska. A rahoton OMS na 2021, mutum miliyan 430 ne ke da raunin ji da ke buƙatar taimako, kuma kusan kashi 60 cikin 100 na raunin jin yara daga abubuwan da ake iya karewa yake zuwa.

Nan ma tambaya ce gaba. Akwai ciwo? Akwai ruwa mai fita, kuma tun yaushe? Kunnen yana ƙara ko shuu? Akwai jiri? Wane aiki kake yi? Wace allura aka yi maka kwanan nan? Ga yara, lissafin kwanaki yana da muhimmanci. Mugunyar da ba ta kai kwana 14 ba sabon ciwo ne; wadda ta kai 14 ko ta wuce, tsohon ciwo ne, dodon kunne ya riga ya huje, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. Iyaye da yawa sun ɗauki zubar kunne abin da yaro zai girma ya bari. Yana girma, jinsa yana raguwa, karatunsa yana lalacewa. A tuna kuma, tun 2006 hukuma ta ɗauke kuɗin duba yara ƴan ƙasa da shekara 5 a asibitocin gwamnati.

Malam zai duba fatar kunne, ya ja ta kaɗan, ya danna ɗan tudun da ke bakin rami. In nan ke ciwo, ramin ne ya kumbura. Sannan ya shafa ƙashin bayan kunne. Kumburi mai zafi a wurin, har kunnen ya turo gaba, alama ce ciwon ya shiga ƙashi, kusa da ƙwaƙwalwa. Wannan ba ya kwana a CSI. Daga nan sai fitilar leƙa kunne, otoskop. Ga babba, a ja kunnen sama da baya. Ga yaro ƙarami, ƙasa da baya, uwa ta rungume shi ta riƙe kansa a ƙirjinta. A fara da kunne mai lafiya, don kada a kwashi cuta a kai masa. Dodon kunne lafiyayye toka-toka ne mai sheƙi. Ja mai kumburi, ciwo ne a bayansa. Huji kuma ana ganinsa. Sau da yawa dauɗa ce kawai ta toshe ramin, kuma tsinken auduga, gashin kaza, tsinken ashana da makullin babur su ke cusa ta ciki. Kunne yana fitar da dauɗarsa da kansa. Bakin ramin kawai ake sharewa. In yaro ya cusa wake ko gyaɗa, kada a zuba ruwa, kumbura za ta yi. In ɗan batirin agogo ne, a ruga asibiti, yana ƙona nama cikin sa'o'i.

Kunne mai zubar da mugunya, a koya wa uwa busar da shi: ta murɗa tsumma mai tsabta mai shan ruwa, ta sa a bakin ramin, in ya jiƙe ta sauya, har ya fito a bushe, sau uku a yini, sannan a ɗiga abin da aka rubuta. Ba mai, ba ruwan ganye, ba wanka a kogi.

Awon ji na farko da murya ake yi. Malam ya tsaya bayan mutum nisan hannu guda, don kada a karanci leɓensa, ya toshe ɗaya kunnen, ya fitar da numfashi sannan ya raɗa lambobi uku, mutum ya maimaita. A Yamai sai an kiyaye abu ɗaya: a raɗa da harshen da mutum ke ji. Bazabarmiya ko Bafulatanar da aka raɗa wa lambobi da Faransanci ta yi shiru, ba kurma ba ce. Inda akwai ɗan ƙarfen nan mai reshe biyu, diyapazon, ana kaɗa shi a ɗora a tsakiyar kai da bayan kunne, a gane ko toshewa ce a hanya ko jijiya ce ta raunana. Cikakken awo kuma a sashen kunne, hanci da maƙogwaro ake yi, wato ORL. Jariri ba ya maimaita lamba, sai a tambayi uwa. Yana firgita in an buga ƙofa? A wata shida yana juyowa wajen murya? Yana gwalantu? Ya shekara bai ce "mama" ko "baba" ba? Ya shekara biyu bai haɗa kalma biyu ba? Kada a ce "haka ubansa ya yi, nauyin baki ne". A auna jinsa. Shekarun farko su ne na koyon magana, kuma ba sa jira.

Mutanen Yamai ba su manta 2015 ba. Sanƙarau ya auka wa ƙasar nan, daga Janairu zuwa ƙarshen Yuni aka ƙirga mutum wajen 8,500 da ake zaton sun kamu, 573 suka rasu, Allah ya jiƙansu. A watan Afrilu har makarantun birnin nan aka rufe, cibiyar jinya ta Lazare ta cika maƙil. Waɗanda suka rasu an ƙirga su. Waɗanda suka tashi kuwa, aka yi hamdala aka koma gida, wasunsu sun koma ne cikin shiru. OMS ta ce kusan mutum ɗaya cikin biyar da suka tsira daga irin wannan sanƙarau yana fita da wata naƙasa, kuma kurumta tana cikin waɗanda suka fi yawa. Yaro ɗan shekara uku ba zai ce "ba na ji" ba. Sai dai a ga ya daina amsa kira, a ce taurin kai ne, har a kai masa hannu. Wannan yana ci mini rai. Don haka duk wanda ya tashi daga sanƙarau, a gwada jinsa kafin sallama, a kuma sa masa ranar dawowa cikin wata guda, a rubuta a katinsa. Allurar rigakafi kuma in ta zo unguwa, kamar MenAfriVac da aka fara a 2010 da sabuwar nan mai kare iri biyar da aka yi a Yamai a 2024, a fito da yara. Kunnensu ma ake karewa.

Wasu magunguna suna taɓa ji. Allurar jantamisin, sitireptomisin da danginsu, in an wuce ƙima ko ƙoda ba ta da ƙarfi, suna iya kashe jijiyar har abada. Kinin yakan sa kunne ya yi ƙara, galibi ya wuce in an gama. Wanda ake yi wa irin waɗannan allurai, malam ya riƙa tambayarsa kullum ko kunnensa ya fara ƙara ko yana jin jiri. Ƙara ma tana kurumtarwa: mai injin niƙa, maƙeri, mai kwana kusa da gurup, wato injin wuta, da samarinmu masu toshe kunne da abin sauraren salula tun safe har dare. In sai ka ɗaga murya kafin wanda ke nisan hannu da kai ya ji ka, ƙarar wurin tana cutar da kunne. Wanda kuma ya wayi gari kunne ɗaya ya ɗauke ɗif, ya je a ranar, kada ya ce sanyi ne.

Ƴan uwana ma'aikata, in makaho ya shigo, ku yi masa sallama, ku faɗi ko ku wane ne, ku gaya masa kafin ku taɓa shi, ku ba shi hannunku ya riƙe maimakon ku ja shi. In mai raunin ji ne, ku fuskance shi inda haske ke kan fuskarku, ku yi magana a sarari ba tsawa. Da shi za ku yi magana, ba da ɗan rakiyarsa ba. Dattijo ne, ba yaro ba. In an tabbatar gani ko ji ba zai dawo ba, kada a sallami iyaye da "sai haƙuri" kawai. A gaya musu akwai makarantar makafi ta Soly Abdourahamane da makarantar kurame ta Hassane Bana Bâ a nan Yamai, akwai na'urar ƙara ji, akwai maganar hannu. Takardar turawa kuma ta ɗauki abin da kuka auna, ido da ido, kunne da kunne, da abin da kuka riga kuka bayar.

Ku kuma masu zuwa, ku taho da kwalaben duk abin da kuka ɗiga, ko sun ƙare, da tsohon tabarau, da katin rigakafin yaro. Mata su bar kwalli a ranar. Wanda aka tura sashen ido ya tafi da ɗan rakiya, kada ya tuƙa babur, domin maganin da ake ɗigawa a buɗe ido a leƙa bayansa yakan sa gani ya yi dishi-dishi na ƴan sa'o'i.

Lokacinmu ya cika. Sai mun sake haɗuwa in Allah ya kai mu.

(Kiɗan rufe shiri)